Shin don Musulunci aka sa kore a tutar Najeriya?

Tambaya: Ni malama ce a wata makarantar firamare a Bauchi. Wani ɗalibina ya ce kakansa ya gaya masa Tafawa Balewa ne ya zaɓi kore a tutarmu saboda launin Musulunci ne. Na rasa abin da zan ce masa. Yaya gaskiyar zancen take?

Amsa: Malama, Allah ya ƙara basira. Ba kakan nan kaɗai ke da wannan fahimta ba, kuma na ga inda ta samo asali: Firayim Minista Musulmi ne, ɗan Bauchi, ga kuma kore a tutar Saudiyya da ta Pakistan. Sai dai tarihi bai tafi haka ba.

Gasar zana tuta aka sa a 1959, ana shirin karɓar mulkin kai, zane-zane suka shigo dubbai. Wanda ya ci wani matashi ne haifaffen Ibadan, Michael Taiwo Akinkunmi, yana karatu a kwalejin fasaha ta Norwood a Landan lokacin da ya ga tallar gasar a jarida. Fam 100 aka ba shi. Kore a wurinsa noma ne da albarkar ƙasa, fari kuma zaman lafiya da haɗin kai. Ki tuna a shekarun nan man fetur bai zama komai ba tukuna. Gyaɗa da auduga da koko da manja su ke riƙe da baitulmali. Wanda ya ga dalar gyaɗa a Kano ba sai an yi masa dogon bayani ba.

Abin da yawanci ba a sani ba shi ne zanensa na asali yana da jar rana mai haskoki a kan farin. Alƙalan gasar suka cire ta. A ganina sun yi dabara. Ƙasa ce mai jihohi uku a lokacin, Arewa da Gabas da Yamma, kowacce na zargin 'yar'uwarta. Duk alamar da aka ɗora, jinjirin wata, ko gicciye, ko rana, sai an sami mai cewa ta wane ce. Tutar da ba komai a kanta ba ta bar wa kowa abin kamawa ba.

Ta Turawa kuwa, wadda aka yi amfani da ita tun haɗewar Arewa da Kudu a 1914, shuɗiya ce, da tutar Birtaniya a kusurwa, sai jan da'ira ɗauke da koren tauraro mai tsini shida da kambin sarauta a tsakiya. Hatimin Annabi Sulaimanu ake ce wa tauraron. Ki sa yaron ya tambayi kakan nasa kwabo mai huji: in ya tono guda a tsohuwar adaka, zai ga tauraron nan kewaye da hujin.

Inda Balewa ya shigo shi ne daren 1 ga Oktoba, 1960. Da sha biyun dare aka sauke ta Birtaniya a filin sukuwa na Legas, aka ɗaga kore-fari-kore, yana Firayim Minista. Filin nan yanzu sunansa yake ɗauke da shi. Akinkunmi kuwa sai 2014 aka ba shi lambar girmamawa ta ƙasa, ya rasu a Agustan 2023 yana da shekara 87.

Amma kada ki ƙaryata dattijon gaba ɗaya a gaban jikansa. A ƙasar nan tuta da addini sun daɗe tare: daga hannun Shehu Usmanu Ɗanfodiyo Malam Yakubu ya karɓo tuta ya kafa Bauchi, haka Buba Yero na Gombe. Wanda ya tashi da wannan labari, ba mamaki ya auna sabuwar tuta da ma'aunin tsohuwa.

In da hali, ki kai 'yan ajin kabarin Tafawa Balewa, ga shi nan cikin gari. Kafin nan kuma a duba tutar da ke kan sandar makarantarku. Na sha ganin wadda rana da ƙurar hunturu suka mai da korenta kamar garin kuka, gefe ya zare. Tsawonta ya zama ninki biyu na faɗinta, in za a kai wa tela.