Amsa ga mai tambaya kan keɓaɓɓen adireshin IP a gungun NLB

Malam, na karanta bayaninka. Ka ce ka haɗa sabobi biyu na Windows (kwamfutocin da ke ɗauke da shafinka) a gungun NLB, wato Network Load Balancing, don su raba nauyin masu shiga, shafin yana buɗewa lafiya, amma tun ranar da ka haɗa su, saba ta biyu wani lokaci takan isa ga rumbun bayanai, wani lokaci ta kasa. Kana kuma zargin suwic, na'urar da ke haɗa kwamfutocin a netwok. Ni dai kafin ka taɓa suwic ɗin, ina so ka duba keɓaɓɓen adireshin kowace saba, don alamomin da ka faɗa nasa ne.

Kowace saba a gungun tana ɗauke da adireshi iri biyu. Akwai na haɗaka, a ce 10.0.0.10, wanda duk sabobin ke amsawa. Akwai kuma keɓaɓɓe, a ce 10.0.0.11 ga ta farko, 10.0.0.12 ga ta biyu, wanda NLB ba ya sa wa hannu. Duk abin da ya zo wa adireshin haɗaka, kowace saba tana ganinsa, sai lissafin NLB ya yanke wadda za ta karɓa, sauran su yar. To ka ɗauka saba ta biyu ta nemi rumbun bayanai amma ta fita da 10.0.0.10. Amsar za ta dawo ne ga adireshin haɗaka, kuma ƙa'idar fot (lambobin ƙofofin da saƙo ke shiga ta cikinsu) da NLB ke zuwa da ita ta haɗa duka, daga 0 har 65535, saboda haka amsar ma sai an raba ta. Idan ta faɗa hannun sabar da ta yi tambayar, aiki ya tafi daidai. Idan ta faɗa hannun 'yar'uwarta wadda ba ta san da maganar ba, shi ke nan an yanke. Wannan ne ya sa matsalar ke zuwa tana tafiya.

Na taɓa kwana biyu kan irin wannan a wani wurin aiki. Mun canja igiya, mun canja katin netwok, ba abin da ya sauya, sai da na tsaya a kan sabar rumbun ina kallon adireshin da ke shigowa da umarnin netstat, mai nuna haɗin da ke buɗe, na ga na haɗaka ne. Kai ma fara da nan, minti biyar ya isa.

Idan ka tabbatar, ga inda kuskuren ke ɓuya. Keɓaɓɓen adireshin a wuri biyu ake rubuta shi: cikin saitin TCP/IP na katin, da cikin saitin sabar a NLB, kuma dole su zo ɗaya har da subnet mask. Mutane da yawa sukan canja adireshin katin daga baya su manta da na NLB. Buga Get-NlbClusterNodeDip ka gwada abin da ya nuna da na ipconfig. Adireshin kuma tsayayye ake so, ba wanda DHCP, mai raba adireshi kai tsaye, ke bayarwa ba. A zamanin Windows Server 2003, ya isa ka sa keɓaɓɓen a farkon jerin adireshin katin, da shi sabar za ta riƙa fita. Daga 2008 zuwa sama Windows ya daina bin jerin, yana da nasa tsarin zaɓi, kuma sau da dama na ga ya ɗauki mai ƙaramar lamba. Don haka duba Get-NetIPAddress, idan SkipAsSource (saitin da ke hana saba fita da wani adireshi) na adireshin haɗaka yana kan False, mayar da shi True da Set-NetIPAddress. Wannan kuma zai hana adireshin haɗakar shiga DNS (kundin da ke haɗa suna da adireshi) da sunan sabar, don shigarsa ce ke sa ka nufi saba ɗaya da Remote Desktop ka tsinci kanka a ɗayar. In ya riga ya shiga, sai ka goge shi da hannu.

Ba ka faɗi yanayin da gungun yake ba, yunikas (unicast) ne ko maltikas (multicast). In yunikas ne, duk sabobin suna aron adireshin MAC guda (lambar shaidar katin netwok) mai farawa da 02-BF, shi ya sa da kati ɗaya sukan kasa magana da juna ko da keɓaɓɓun adireshinsu daidai suke. Ni a nan kati na biyu nake sakawa don gudanarwa, ban cika son dabarun taɓa rajistiri, ma'ajiyar saitin Windows, ba. In sabobin na'urorin ƙirƙira ne a kan Hyper-V kuwa sai ka kunna MAC address spoofing, mai ba saba damar amfani da MAC ɗin aro, in ba haka ba sabar za ta yi shiru gaba ɗaya. In maltikas ne, kowace saba tana riƙe MAC ɗinta, amma rawutoci (na'urorin da ke haɗa netwok da netwok) da yawa ba sa yarda su haɗa adireshin IP na yau da kullum da MAC ɗin gungun mai 03-BF, sai an rubuta musu ARP ɗin, wato haɗin IP da MAC, da hannu. Sai dai alamar wannan daban ce da taka: na cikin sabnet (ɓangaren netwok) ɗaya da gungun su shiga, na waje su kasa.

Lokacin gyara, kada ka taɓa sabobin biyu tare. Yi wa ɗaya drainstop, wato ta daina karɓar sababbin masu shiga har ta sallami waɗanda ke kanta, ka gyara, ka dawo da ita, sannan ka buga nlb query ka ga duka biyun sun haɗu kafin ka koma kan ɗayar. Idan bayan haka rumbun yana ganin 10.0.0.12 amma yankewar ba ta daina ba, turo mana abin da nlb display ya fitar daga kowace saba, mu duba ƙa'idojin fot ɗinka tare.