Tambaya da Amsa: Waya Ɗaya Ta Tsinke, Injuna Suka Tsaya

Tambaya: Malam, ni ma'aikacin lantarki ne a wata masana'antar ruwan leda a Kumasi. Makon jiya ɓera ya gwigwiyi wayar sadarwa ɗaya, injunanmu suka tsaya cak. Yaya za mu shimfiɗa layin da ba zai yanke ba? Daga mai karatu a Aboabo.

Amsa: Ɗan'uwa, ga alama kun jera na'urorinku kamar ƙwayoyin carbi a zaren da ba a ƙulla ba. Ku haɗa bakin zaren biyu ya zama zobe, domin idan waya ta tsinke saƙo ya zagayo ta ɗaya hannun. Tsarin MRP, wato ƙa'idar sadarwa da ke kula da irin wannan zoben, yakan gyara hanya cikin kashi 1 bisa 5 na daƙiƙa, wanda a ganina ya ishe ku. Tsarin PRP kuwa yana aika kowane saƙo ta layuka 2 masu zaman kansu lokaci guda, babu tsaiko ko kaɗan, sai dai tsada.

Abin da ya fi damuna shi ne a cusa wayoyin biyu cikin bututu ɗaya, inda ɓera ko gobara za ta same su tare. Ku raba musu hanya, ku ba kowace na'urar rarraba saƙo batirinta saboda dumsor, wato yawan ɗauke wutar lantarki, sannan ku zare waya da gangan ranar hutu ku gwada.