Ka fara da Duncan, ka bar Acropora tukuna

Salam ɗan'uwa, na ga tambayarka, ka ce tankinka na ruwan gishiri ya yi wata huɗu kuma kana son saka murjani mai ƙashi na farko, har Acropora, wani nau'in murjani mai rassa, ta shiga ranka. Don Allah ka yi haƙuri da ita tukuna, abu kaɗan ke kashe ta. Ni da murjanin Duncan na fara, wanda masana ke kira Duncanopsammia axifuga, yawanci daga tekun Ostareliya ake kawo shi.

Kai biyu ne kacal gare shi ranar da na saye shi, kowane kai da bakinsa da gashinsa, yanzu ya haura goma, 'ya'yan daga gefen uwar suke ɓullowa kamar ɗan ƙurji, ranar da na fara ganin ɗaya wallahi na daɗe tsugune gaban gilashin. Ba ya son haske mai ƙarfi, ka ajiye shi can ƙasa inda ruwa zai riƙa kaɗa gashinsa a hankali, in ka ga ya tsuke wuni guda ya ƙi buɗewa to fara duba famfon da ke juya ruwan tankin, ƙila yana dukansa ne kai tsaye. Haske na ciyar da shi ta ƙananan gansakukan da ke zaune cikin namansa, amma ni sau biyu a sati nake kashe famfo in ɗiga masa 'yan jatan lande na mysis da sirinji, sai ka ga ya naɗe su ya rufe baki.

Gishiri ina riƙe shi a 1.025 a ma'aunin nauyin ruwa, kalsiyam 400 zuwa 450, KH (ma'aunin sinadarin kabonet a ruwa, wanda murjani ke gina ƙashi da shi) 8 zuwa 9, zafi digiri 25 ko 26. Inda na yi kuskure KH ne, ya sauka 6 sai na ruɗe na zuba maganin ɗaga shi da yawa lokaci ɗaya, washegari naman kai ɗaya ya janye farin ƙashi ya fito, abin ya dame ni sosai. Kaɗan-kaɗan ake ɗaga shi, cikin kwanaki.

Sai zafin bazara da ɗauke wuta, in ruwa ya doshi 30 akwai matsala. Ka haɗa famfon da inbata, ka sa ƙaramar fanka tana hura saman ruwan. Ruwan zai riƙa ƙafewa da sauri, ka cike da ruwan RO (wanda na'urar tace ruwa ta reverse osmosis ta tace) zalla mara gishiri tunda gishirin ba ya bin tururi, kar ka kuskura ka zuba na bohol. Wace irin fitila ce a kan tankin naka?