Algus, Amana da Darajar Kwabo: Amsoshin Tambayoyinku

Wata baiwar Allah daga Maraɗi ta ce: "Malam, kakata kan ce wane ya yi algus. Hausa ce ta asali?"

Malama, aro ce daga Larabci, wato al-gish. Bahaushe ya haɗiye ta har da "al" ɗinta, kamar yadda ya yi wa alƙali da aljihu, wasu ma algushu suke cewa. Ma'anarta ɓoye aibin haja ko cakuɗa mai kyau da maras kyau: a tsarma ruwa a nono, a jera manyan tumatir a bakin kwando a binne ruɓaɓɓu a ƙasa. A kan irin wannan ne Annabi (SAW) ya cusa hannu cikin tarin abinci ya ji danshi, ya ce wanda ya yi algus ba ya tare da mu. Tauye mudu kuwa laifi ne daban, shi ne wanda Suratul Muɗaffifina ta buɗe da shi.

Wani ɗan kasuwa daga Kano ya tambaya ko gaskiya da amana abu ɗaya ne.

Alhaji, tambayarka ta yi mini daɗi, don mutane da yawa na gwama su. Gaskiya ana ganinta ne ido da ido: ka faɗa wa mai saye yadin nan yana zuba. Amana kuwa sai mai abu ya ba da baya ake sanin ta. Tushenta ɗaya da imani da aminci da amini. Ka tuna fataken da suke tafiya Gwanja sayen goro. Falke zai yi watanni a hanya, ya isa Salaga, garin kasuwar goro a ƙasar Gwanja, ya sauka gidan fatoma, wato mai masaukin fatake, ya danƙa masa kaya da kuɗi ba takarda ba sa hannu, shi zai sayar masa, shi zai tsaya masa in an ba da bashi. Fatoman da ya ci amana sau ɗaya, labarinsa kan riga ayari isa gida, baɗi ba mai sauka wurinsa. Ka lura kuma da aikatau ɗin: amana "riƙe" ta ake yi, mai ha'inci kuma "cin" ta yake, kamar ajiyar hatsin da aka bar masa ya zuba a tukunya. Raina yakan ɓaci in na ji yaran shago suna kiran wannan "wayo".

Wani ɗalibi ya ce kwabo ya daina sayen komai, to ina amfanin cewa "gaskiya ta fi kwabo"?

Ɗana, kwabo daga kalmar Turanci ta jan ƙarfe ya samo suna, kuma a karin maganar yana wakiltar kuɗi ne baki ɗaya. Lokacin da jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fitowa a Zariya a 1939, kwabo ɗaya ake sayar da ita, kuma a wancan zamani mai kwabo ba ya kwana da yunwa.