Amsa ga mai aikin jinya a Ingila

'Yar uwa, kin ce kina aikin awa 12 a asibiti, ki dawo ki tarar 'yarki mai shekara uku ta yi barci, kina neman yadda za ki samu lokacinta. Sannu da ƙoƙari, raino inda babu kaka babu gwaggo ba wasa ba ne.

Ki fara da wajen aiki. Tun Afrilun 2024 doka ta ba ma'aikaci damar neman sauyin lokutan aikinsa tun ranar da ya fara, sau biyu a shekara. Ki rubuta a jera miki ranakun aiki, hutun ma ya zo a jere. Suna iya ƙi, amma sai da hujja.

Ranar hutun kuma, don Allah kar ta ƙare a wanki da guga. Ki zaunar da ita ki yi mata kitso kina mata tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi, da Hausa zalla, Turanci kam zai same ta a waje. In kina tuwo ki ba ta ɗan kaɗan ta mulmula, ko za ta ɓata miki kicin. Satumbar bayan ta cika huɗu za ta shiga makaranta, sai ki nemi hutunki ya riƙa faɗowa Asabar da Lahadi.