Kurakuran da ke cikin fina-finan 'yan sanda: sakaci ne ko ganganci?

Tambaya: Malam, ina bin wani shirin 'yan sandan Amurka mai dogon zango. An harbi jami'i a hannun hagu, da aka dawo sai ga bandeji a na dama. Kuma kafin rana ta faɗi sun samu sakamakon gwajin jini, har sun damƙe mai laifi. Sakaci ne, ko haka aikin yake? Daga wata mai karatu a Zariya.

Amsa: Malama, abu biyu kika haɗa, kuma kowanne da asalinsa.

Zancen bandeji shi 'yan fim ke kira kuskuren kwantiniti, wato rashin daidaito tsakanin wata fitowa da wadda ke bin ta. Ba a ɗaukar fim bi da bi yadda kike kallonsa. Duk fitowar da ke ofishi ɗaya a tare ake kwashe su, ko da a labarin mako guda ne tsakaninsu. Akwai wanda aikinsa kawai shi ne lura da sutura, rauni da abin da ke kan tebur, amma ido ba ya rasa kuskure. Wani lokacin ma mai tace hoto ne ya juya hoton, hagu ta koma dama. Wannan ba ya cutar da kowa.

Na biyun da gangan ake yinsa, domin labari ya ƙare cikin minti arba'in da 'yan kai. Gwajin ƙwayar halitta yakan ɗauki kwanaki, wani lokaci makonni idan aiki ya taru a ɗakin gwaji. Hoton kyamarar tsaro da ya fito dishi-dishi kuwa, ƙara masa girma ba ya ƙirƙiro lambar mota. Tun da CSI, wani shirin talabijin na masu binciken laifi, ya fara a 2000 lauyoyin Amurka ke kukan cewa masu taya alƙali yanke hukunci suna zuwa kotu da tsammanin irin wannan hujja.

Dubi kuma gargaɗin nan na "kana da ikon yin shiru" da ake rerawa yayin sa ankwa. Ya samo asali daga hukuncin Kotun Ƙolin Amurka na 1966 a shari'ar Miranda, kuma abin da ya wajabta shi ne a faɗa kafin a yi wa wanda ke tsare tambayoyi, ba lallai a lokacin kamu ba.

Wanda ya fi damuna shi ne inda jami'i ke ce wa uwa ta koma gida sai ɗanta ya cika awa 24 da ɓata kafin a karɓi rahoto. 'Yan sandan Amurka da Ingila da kansu suna ta ƙaryata wannan, domin sa'o'in farko su ne mafi tsada wajen neman yaro: shaidu ba su manta ba, sawu bai goge ba. Uwar da ta ɗauki wannan daga talabijin za ta kwana tana jiran agogo. Idan yaro ya ɓata, Malama, a kai rahoto caji ofis a wannan lokacin.