Wane inji zan sa wa akori-kurar Chevrolet ta 1952?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina zaune a Teksas ta Amurka, na sayi tsohuwar akori-kura Chevrolet 3100 ƙirar 1952 a hannun wani manomi. Injinta ya ƙi juyawa, fentin ya koɗe, amma bodin da sauran ƙwarinsa. Ina so in mayar da ita irin tsofaffin motocin nan da ake ƙara wa ƙarfin inji da kwalliya, waɗanda ake kira hotrod, ga shi abin hannuna bai wuce dala 8,000 ba. Abokan aikina kowa da tasa, wannan ya ce injin 350, wancan ya ce injin LS. Wanne zan sa, kuma wane irin kamanni zan ba ta?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Allah ya sa alheri, ka yi dacen mota. Irin taka Chevrolet ta ƙera su daga 1947 zuwa farkon 1955, kuma har gobe ana buga kayan gyaransu sababbi, daga gilashi har ƙarfen daɓen ƙasa.

Kafin mu zaɓi inji, ka san cewa inji kamar amarya yake, da 'yan rakiyarsa yake zuwa, kuma su ne ke cinye kuɗin. Motarka ta fito ne da inji mai silinda shida a jere, wanda ake kira 216, ƙarfinsa wajen doki 90. Duk abin da ke jikinta daidai wannan ƙarfin aka auna shi. Wutarta bolt 6 ce. Farfelarta a rufe take cikin wani bututun ƙarfe da ya haɗe giyabos da aksul ɗin baya, don haka ranar da ka canza giyabos, farfela da aksul ma sun tashi aiki. Lagireto, salansa, mazaunin inji, wayarin gaba ɗaya, kowanne sai ka taɓa shi. Ka ɗauki takarda ka jera waɗannan da farashinsu tukuna, abin da ya rage shi ne kuɗin inji.

Ni dai 350 zan ce ka sa, mai kafireto. Wannan inji ɗan gidan V8 ne, wato masu silinda takwas, da Chevrolet ta fara fitarwa a 1955, shi kuma 350 ɗin, mai lita 5.7, ya zo a 1967, aka yi ta zuba shi a motoci da akori-kura shekaru da dama. Ba garin da za ka shiga a Amurka ka rasa filoginsa ko famfon ruwansa a shagon kayan mota. Wayoyin da yake bukata kafin ya tashi ba su wuce a ƙirga da yatsu ba, kuma da sukundireba da sifana za ka saita shi a ƙofar gidanka. Wahalarsa ɗaya a irin motarka, akwatin sitiyari. Yana nan zaune a gefen direba daidai inda bututun hayaƙi ke son wucewa. Na taɓa kwana biyu a ƙarƙashin wata irin taka ina neman tazarar da yatsa zai shiga tsakaninsu, daga ƙarshe sai da muka ɗan gusar da akwatin waje da ƙarfen tallafi. Ka sa wannan aikin a lissafi tun yanzu.

Masu ce maka LS, wato sabon gidan V8 mai aiki da kwamfuta, ba ƙarya suka yi ba. Mai lita 5.3 da ke cikin akori-kurar Silverado tun daga 1999 ya fi 350 na da ƙarfi, ya fi shi tsimin mai, kuma ya cika wuraren 'yan gwangwan, shi ya sa ake samunsa da araha. To amma arahar a bakin saye ta tsaya. Sai ka nemo ƙwaƙwalwarsa, wato kwamfutar injin, a sake mata saiti, a gyara damin wayoyinsa, a sa famfon mai mai matsa wajen fam 58, a ja sabon layin mai, sau da yawa a canza kaskon baƙin mai saboda na Silverado ya yi zurfi ga motar da za a sauke ƙasa. Wanda ya iya wayarin da hannunsa zai ci riba. Wanda zai biya wani ya yi masa, dala 8,000 ɗin nan za ta ƙare motar tana kan jak.

Akwai hanya ta uku da abokanka ba su ambata ba, kuma ina ƙaunarta. Injin 235 mai silinda shida, ƙirar 1954 zuwa 1962, kusan zama yake yi a gurbin naka ba tare da an yanka komai ba, ga shi baƙin mai na zagaya shi da matsi sosai, saɓanin 216 da watsa man yake yi. A sa masa kafireto biyu da salansa biyu, ƙararsa kaɗai ta isa a waiwayo. Sai dai ba zai manna ka da kujera ba in ka taka totur, kuma daga tambayarka na fahimci gurnanin V8 kake so.

Batun giya, giyabos TH350 mai giya uku, mai canza kanta, ta ishe ka in ka samo aksul mai lamba 3.08 ko kusa da haka, wato yawan juyin farfela kafin taya ta juya sau ɗaya. Na asalin motar 4.11 ne, da shi a gudun mil 65 injin zai haura juyi 3,000 a minti yana kuka. Da 3.08 zai sauko wajen 2,400. In ka samu giyabos 700R4 mai giya ta huɗu, madalla, amma akwai wata igiya da ke tahowa daga kafireto zuwa giyabos ɗin, in ba a saita ta daidai ba cikin ɗan lokaci za ta ƙone. Mutane da yawa suna ɗauko aksul daga ƙaramar akori-kurar Chevrolet S-10 mai jan ƙafa huɗu saboda faɗinsa ya dace. Ka lura noti biyar gare shi, naka shida ne, don haka ka mayar da gaban biyar shi ma, taya ɗaya ta ko-ta-kwana ta yi maka ko'ina.

Yanzu ga abin da nake roƙonka da shi: birki kafin inji. Motarka birkin ganga gare ta ƙafa huɗu, da tukunyar man birki ɗaya tak. Wani abokina ya sa V8 ya ce birki sai wata mai zuwa. Ina zaune gefensa tsohuwar roba ta fashe a ƙafar baya, ya taka birki ya ji ƙafarsa ta kai ƙasa, muka ratsa mahaɗar hanya yana jan birkin hannu yana salati. Allah ya kiyaye ba mota a gabanmu. Ka sa na faifai a gaba, da tukunya mai ɗaki biyu, yadda in layi ɗaya ya fashe ɗayan zai riƙe. Tankin mai kuma yana bayan kujerarka ne cikin ɗakin direba, in da hali a mayar da shi ƙarƙashin akori. Ka sa bel, domin ba da shi ta zo ba.

Kamanni kuwa, kar ka yi mata fenti. Fenti mai kyau shi kaɗai zai iya lashe abin da ka tanada, kuma koɗewar da ranar Teksas ta yi mata cikin shekara saba'in wasu kuɗi suke biya a kwaikwaya musu. Ka wanke ta, ka goge tsatsar sama-sama, ka shafa mai ko man goge mota. Inda tsatsa ta huda, musamman kusurwoyin ɗakin direba ta baya da daɓen ƙasa, nan mai walda zai yanke ya sa sabon ƙarfe. A sauke ta inci uku ko huɗu da sifirin da aka yi don haka, kar a bari wani ya gasa tsohon da wuta. Gare na ƙarfe da ƙaramin murfi mai sheƙi, sabon katako a akori, kujera a yi mata sabuwar riga. Yanke rufi don a rage tsawo aikin gwanaye ne, ka bar shi. Salon ratrod na tara tarkace da gangan ma ban ba ka shawara ba, bodinka ya fi ƙarfin haka.

Kafin ka sayi ko noti ɗaya, ka duba lambar da ke jikin ƙaramin farantin ƙarfe a ginshiƙin ƙofar direba, ka gwada da ta takardar mallaka. A wasu jihohi motocin wancan zamani da lambar inji aka yi musu rajista, to in taka haka take, ka je ofishin rajista a gyara takardar tun 216 ɗin yana cikin motar.